Yadda Sabon Shiga Zai Shirya Tafiyar Hutu da Karaban

Karaban ɗaki ne mai tayoyi da ake ƙulla wa mota ta ja shi, da gado a ciki da wurin girki da ɗan makewayi. Wanda zai fara tafiyar hutu da shi, lissafinsa daga motarsa ya kamata ya soma, tun kafin ya je kallon wanda zai saya, domin nauyi ne ginshiƙin lamarin. Shawarar da ƙungiyoyin masu karaban a Birtaniya suka daɗe suna bai wa sabon shiga ita ce kada nauyin karaban da duk kayan cikinsa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar kanta. Ke nan mota mai kilo 1,600 za ta ja abin da bai haura kilo 1,360 ba. Ka duba littafin motarka ka ga iyakar da kamfani ya gindaya, ka kuma tabbatar lasisinka ya halatta maka jan wannan nauyi, tunda doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Idan na hannu za ka saya, danshi ne babban abin tsoro. Ka buɗe kowace durowa ka sansana, sannan ka danna bango da yatsa kusa da taga da kusurwoyin rufi. In ya lotsa, ruwa ya riga ya shiga katako, kuma gyaransa yakan ci kuɗi mai yawa. Tayoyin karaban sukan lalace saboda tsufa ko da ba su suɗe ba. Lambobi huɗu na gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 mako na 23 ne na 2019, kuma wadda ta kai shekara biyar gara a canja ta.

A wajen loda kaya ne ake yawan yin kuskure, kuma a ganina nan ya fi cancantar natsuwa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su, daidai saman tayoyi, marasa nauyi kuma a sama. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban, ana kuma iya gwada shi da sikelin gida da guntun katako a ƙarƙashin bakin karaban da ke kama ƙugiyar. In aka jibge kaya a baya, karaban zai riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya. Idan hakan ta faru kada ka taka birki da ƙarfi, sai dai ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sosai har ya daidaita.

Kafin tashi ka tabbatar ƙugiya ta kama, wayar birkin gaggawa (wadda ke jan birkin karaban in ya ɓalle daga mota) tana maƙale, fitilun baya suna aiki, an ɗage ƙafafu huɗu na kusurwa, an rufe tukunyar gas, an kuma ɗaura madubai masu tsawo. Na'urar gargaɗin iska mai guba ma wajibi ce a ɗakin da ake girki kuma ake kwana.

Ribas kuwa sai da gwaji, saboda karaban yana karkata ne zuwa kishiyar inda bayan mota ya nufa. Ka nemi fili babu kowa ka yi ta maimaitawa a hankali, wani yana tsaye inda kake ganinsa a madubi. Tafiyar farko ta zama ta kwana biyu a sansanin da bai fi awa ɗaya daga gida ba, ka kuma isa da sauran rana.