Kafin ka ɗora bulon farko a kan laka, nema wa ruwa hanya

'Yan uwa masu son yin ɗan ɗaki a bayan gida da hannunsu, na ajiyar kaya ne ko na janareto ko na kaji, in dai filin laka ce irin wadda ake samu a wasu unguwannin Ikorodu da Agege, dan Allah kar a fara da sayen bulo. Laka ba ta shan ruwa da wuri, riƙe shi take yi ta kumbura, in rani ya zo ta bushe ta tsage, wannan kumburi da motsewa su ne ke fasa bango, ba wai siminti ne ya yi kaɗan ba. Ga ruwan Legas kuma, daga Afrilu zuwa Yuli ba sauƙi, ya ɗan sarara a Agusta ya sake dawowa.

Fara gwada ƙasar. Haƙa rami kamar zurfin gwiwa ka cika shi da ruwa, in ka dawo washegari ka tarar da shi bai ragu sosai ba, toh ka manta da maganar sokawe, wato ramin da ake tura ruwa ƙasa ta shanye shi, a wurin nan, sokawe a cikin laka tafki ne kawai ka gina kusa da ɗakinka. Dole ruwan ya fita zuwa kwatar layi.

Yanzu aikin. Bayan an zuba fandisho, a haƙa siririyar kwata zagaye da shi ta waje, amma kar ta zarce ƙasan kankaren zurfi, in ta zarce ka kwashe ƙasar da ginin ke zaune a kai ke nan, wannan kuskuren wallahi yana ba ni takaici don masu ƙoƙari ne suka fi yin sa, suna ganin ƙarin zurfi ƙarin inganci ne. A shimfiɗa yadin tace ƙasa, a zuba tsakuwa wankakkiya mara ƙura, a kwantar da bututun roba mai inci 4 mai huji-huji, hujin na kallon ƙasa, a sake rufe shi da tsakuwa sannan a naɗe yadin a sama. In ba yadin, laka za ta toshe tsakuwar a hankali. Gangaren kuwa santimita 1 a kowace mita ya isa, amma da tiyon lebur, wato siririn tiyo mai ruwa a ciki da magina ke gwada daidaito da shi, za a auna, ba da ido ba, kuma tun kafin haƙa ka tabbatar kwatar layinku tana ƙasa da bakin bututun, in ba haka ba ranar ruwa mai yawa ruwan kwata ne zai biyo bututun ya shigo maka.

Ruwan kwano daban. A sa masa indararo da nasa bututun mara huji, kar a haɗa shi da na fandisho, kuma kar a juya shi gidan maƙwabci, haƙƙi ne.

Daɓen ɗakin a ɗaga shi sama da tsakar gida aƙalla bulo ɗaya, a cike da jar ƙasa ana dannewa kaɗan-kaɗan, a shimfiɗa leda mai kauri kafin kankare. A waje a yi daɓe mai faɗin mita 1 mai gangara nesa da bango. In akwai mangwaro kusa, matsar da ɗakin, saiwarsa na tsotse ruwan laka da rani ƙasar ta nutse ta gefe ɗaya.