Darasi na 7: Gyaran tsohon gidan ƙasa da ƙara masa ɗaki

A tsoffin unguwannin Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, musamman waɗanda suka kewaye fadar lamiɗo da babban masallaci, har yanzu akwai gidajen ƙasa da kakanni suka gina. Iyali sun ƙaru, ɗakuna sun yi kaɗan, ga gindin bango yana zaizayewa duk damina. Abin da yakan fara zuwa wa mai gida a rai shi ne ya sayi siminti ya lulluɓe bangon, ko kuma ya ɗora bene a kai. Kowanne daga cikin biyun yana iya kayar da gidan da ya daɗe a tsaye lafiya. Ginin ƙasa yana da ƙarko idan an san yadda ake kula da shi. Wanda ya ga katangar fadar Lamiɗon Rai Buba ya san haka.

Kafin a taɓa bango

Yawancin irin waɗannan gidaje na gado ne. A fara tara magada, maza da mata, a yi magana, a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Sannan a sanar da jauro ko lawanin unguwa. Idan katangar da za a taɓa ta haɗaka ce, sai da yardar maƙwabci, kuma a nuna masa inda ruwan sabon rufi zai riƙa zuba.

A Kamaru, dokar tsara birane ta ranar 21 ga Afrilu 2004 ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a rushe shi, kuma a ofishin magajin gari ake nema. Za a tambaye ku takardar fili da zanen abin da za ku gina. Wanda filinsa ba shi da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, akwai ƙaramin izini na daban da ake ba shi. Sai kuma dokar kare kayan tarihi ta ranar 18 ga Afrilu 2013. Ginin da gwamnati ta sa a jerin abubuwan da take karewa, ba a rushe shi ko a canja masa kama sai da izinin Ma'aikatar Al'adu. Idan gidanku yana jikin fada, ko tsohon masallaci, ko wata tsohuwar ƙofa, ku je ofishin ma'aikatar na yankinku ku tambaya tun kafin ku sauke yashi. Muna ba da shawara, ko da doka ba ta hana ba, a bar zaure da fuskar gida yadda suke, a yi ƙarin daga ciki. Zauren nan shi ne mutuncin gidan, kuma layin zauruka shi ya sa unguwar ta bambanta da sababbin unguwanni.

Ku bi sawun ruwa

Lokacin duba gida shi ne ana cikin ruwan sama, ko da ɗaukewarsa. Ku zagaya ku ga inda ruwa yake kwanciya, da inda indararo yake zuba, da inda bango ya yi duhu. Matsalar da ta fi yawa a yau ita ce titi ya fi gida tudu. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa a lungu, wani wuri an yi kwalta ko an shimfiɗa duwatsu, sai ruwan titi ya koma yana kwanciya a gindin katanga. Bangon yana tsotsar ruwan zuwa sama, gishirin ƙasa ya biyo shi, sai ku ga fari-fari a jiki kuma ƙasar tana zuba kamar gari idan an shafa.

Tsaga iri biyu ce. Ƙananan tsagogi na yaɓe ba abin tsoro ba ne. Wadda ta ratsa bango har ana hango haske, ko ta taso daga kusurwar ƙofa a karkace, ita ce abin lura. Ku ja layi da alli a ƙarshenta, ku auna faɗinta, ku rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako 4 ku sake aunawa. Idan ba ta ƙaru ba, cikewa kawai take so. Idan ta ƙaru, tushen ginin yana motsi, kuma cike ta ɓata kuɗi ne har sai an gano dalili: masai kusa da bango, bututun famfo mai yoyo, ko saiwar bishiya. Ku kuma rataya igiya da dutse daga saman bango. Bangon mita 3 da ya kauce fiye da santimita 10 a tokare shi, a fitar da masu kwana a ɗakin, a kira gogaggen magini.

Azara kuwa, a soka ƙusa a inda ta shiga bango. Nan gara da danshi suke fara ci.

Abin da ya sa siminti ba ya zama a jikin ƙasa

Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Yaɓen siminti yana toshe masa hanyar fitarwa, kamar a sa wa mai gumi rigar leda. Ruwa kuma ba ya rasa ƙofar shiga: ta ƙasa, ko ta siririyar tsagar da simintin ya yi a zafin Maris da Afrilu. Danshin ya taru a bayan yaɓen, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, gara ta samu hanya. Daga waje bangon yana da kyau. Ku ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, idan ya yi amon ganga, simintin ya riga ya rabu da bango, kuma rana ɗaya zai faɗo gaba ɗaya ya ɗebo ƙasar da ke bayansa. Irin wannan yaɓe a ɓamɓare shi a hankali bayan damina, a bar bangon ya sha iska mako 2 zuwa 3.

Gindin bangon da ruwa ya ci, ba a gyara shi a tashi ɗaya. A raba shi gaɓa-gaɓa, kowace kada ta wuce mita 1. A gyara ta farko, a tsallake biyu, a gyara ta huɗu, sai sun bushe a dawo kan sauran. Wanda ya ƙwaƙule gindin bango duka lokaci guda, bangon zai zauna a kansa. A kowace gaɓa a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a share, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera busasshen tubali ko jan bulo da kwaɓin ƙasa, a cusa sosai har ya matse da na sama. Kada a cike babban rami da ɗanyar laka zalla, domin idan ta bushe za ta tsuke ta bar giɓi. Bayan haka a yi wa gindin bango gangare na dandaƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗin santimita 60, yadda ruwa zai gudu zuwa kwata.

Zaɓen ƙasar yaɓe

Ƙasar tsohon bangon da ya faɗi ita ce ta fi dacewa, in dai ba ta gindi ba ce mai gishiri. Idan sabuwa za a kawo, a gwada ta. A kwaɓa kaɗan, a mulmula ta ta yi kaurin santimita 3, a riƙa tura ta a hankali daga bakin tebur har ta karye. Idan guntun da ya faɗi bai kai santimita 5 ba, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ba. Idan ya wuce santimita 15, laka ta yi yawa, za ta tsattsage. Tsakanin nan ake so.

Sai gwaji a jikin bangon kansa. A yi faci 4, kowanne kamar faɗin faranti: ma'auni 1 na ƙasa da 1 na yashi, sannan 1 da 2, 1 da 3, 1 da 4. Bayan kwana 2 a duba. Wanda bai tsage ba kuma bai zuba ba da aka goga hannu, shi ne haɗinku. A zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake, a rufe kwaɓin ya kwana 3 zuwa 7 ana juya shi. Tsoffin magina suna ƙara kashin shanu ko makuba, kuma sun yi gaskiya, ruwa ba ya saurin cin irin wannan yaɓe. A yi shi hawa biyu, kowanne kada ya wuce kaurin santimita 2, na farko ya bushe kafin na biyu. Iskar hunturu tana busar da yaɓe da gaggawa har ya fashe, saboda haka a yi aikin da safe ko da la'asar, a kare shi da zana.

Mai son bango mai haske ya shafa farar ƙasa, wadda ake samu daga Figil, hawa 3 marasa kauri. Fentin mai yana toshe bango kamar yadda siminti yake yi.

Rufi

Soron ƙasa yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Duk shekara ana ƙara masa yaɓe ba a rage na da ba. Ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita 1 tana kai kilo 170. A ɗaki mai mita 3 da mita 4, ƙarin santimita 5 kacal ya kai tan 1, kuma idan ta jiƙe ta fi haka. Shi ya sa soraye suke ruftawa a watan Agusta. A kankare tsohon yaɓe kafin a sa sabo. Azarar giginya ba ta son tazarar da ta wuce kusan mita 2 ba tare da abin tallafi ba. Indararo ya fito aƙalla santimita 50 daga bango, a sa dutse a inda ruwansa yake sauka.

Idan kwano za a sa, bakinsa ya zarce bango da santimita 50 zuwa 60. A shimfiɗa katako a kan bango ya zagaye ɗakin, a ɗaure shi da rodi mai milimita 6 wanda aka ratsa cikin bango aƙalla santimita 60 daga sama. Jera duwatsu a kan kwano ba ya hana guguwar farkon damina ɗauke shi. A bar silin ko tsohon rufin a ƙarƙashi, in ba haka ba ɗakin da ya saba da sanyi ba zai kwantu ba a zafin Garwa.

Ƙarin ɗaki

Sabon gini yana zama a hankali cikin shekarun farko, tsoho kuwa ya gama zamansa tuntuni. Idan aka ɗinke su wuri ɗaya, sabon zai ja tsohon ya tsage. Saboda haka sabon ɗaki ya samu nasa tushe da nasa bango huɗu, a bar tazarar santimita 2 tsakaninsa da tsohon, a cike ta da kwaɓin ƙasa, a rufe samanta kada ruwa ya shiga. Kada a haƙa rami a jikin tsohon bango har ya zarce zurfin tushensa. Idan dole ne a yi zurfi, a matsa mita 1.

A ƙasa mai tauri, tushe mai zurfin santimita 60 zuwa 80 ya isa ɗaki marar bene. A Marwa da Kuseri akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. A irin wannan wuri kada a yi ƙiyasi, a nemi injiniya. Tushen a yi shi da dutse ko cikakken bulo, ya taso santimita 30 zuwa 40 sama da titi, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a fara jera tubali. Nan ne siminti yake da amfani. Haɗin kankare mai rodi shi ne buhu 1 mai kilo 50, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa, ana aunawa da baro mai cin lita 60. A riƙa ba shi ruwa kwana 7. Bangon kuwa ana iya yin sa da tubali ko da matsattsen bulon ƙasa mai siminti kashi 6 zuwa 8 cikin 100, irin wanda MIPROMALO, hukumar gwamnati mai bunƙasa kayan gini na gida, take koyar da yin sa. Tsayin bangon ƙasa kada ya wuce kaurinsa sau 10.

Bene a kan tsohon bangon ƙasa, ba mu yarda da shi ba sai injiniya ya duba ya rubuta. Ban da nauyi, tagar bene tana leƙa tsakar gidan maƙwabta, kuma wannan yana raba zumuncin shekaru.

In za a huda sabuwar ƙofa a tsohon bango, ta nisanci kusurwa da mita 1, faɗinta kada ya wuce mita 1.2. A fara sa katakon saman ƙofa: a sassaƙa rabin kaurin bango daga gefe ɗaya a cusa katako, ya shiga santimita 30 hagu da dama, a matse shi, sannan a yi haka ta ɗaya gefen. Sai ya kama kafin a fasa ƙasan. Sabon masai ya nisanci bango da mita 3 ko fiye, ya nisanci rijiya da mita 15 aƙalla, mita 30 in fili ya ba da dama. A tsohuwar unguwa ku tuna da rijiyar maƙwabci, ba taku kaɗai ba.

Aiki

Ku auna tsawo da faɗin ɗaki ɗaya a gidanku, ku lissafa nauyin ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan rufinsa. Sannan ku zana gidan a takarda, ku sa alama a duk inda ruwa yake kwanciya da inda kuka ga tsaga, ku kawo zanen aji mako mai zuwa.