Darasi na 9: Kek ɗin Kabewa da Adon Kaka Don Walima

Idan ruwan sama ya ɗauke, wajen watan Oktoba, kaka ta shigo. Gero ya riga ya shiga rumbu, ana tugar gyaɗa, dawa ta kusa yanka, ga kabewa nan ta nuna a bayan danga da kan rufin ɗaki. A wannan lokaci bukukuwa ke yawa a garuruwanmu, domin manomi ya sayar da amfanin gona ya ga kuɗi. Ga aure, ga suna, ga walimar sauka. A ofisoshi ma ba a rasa ɗan taro: wani ya samu ƙarin girma, wani ya yi ritaya, abokan aiki suna son su sallame shi da mutunci.

Da an ce walima, mutane da yawa sai su nufi shago su kwaso biskit da lemon kwalba. Ba laifi ba ne, amma kuɗi ne ake zubarwa alhali abin da ya fi shi daɗi yana cikin gida. A wannan darasi za mu gasa kek da kabewa ba tare da obin ba, mu yi adon tebur da abin da gona ta bari, mu kuma yi lissafin abin da za mu kashe.

Kafin mu fara, ku karanta waɗannan da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, sannan ku rubuta su a littafinku: ka-be-wa, fu-la-wa, gwan-gwa-ni, ya-shi, fai-fai, ƙwar-ya.

Awo

Uwargida takan tuƙa tuwo da ido kawai, ya kuma yi daidai. Kek bai yarda da haka ba. Idan fulawa ta yi yawa ya yi tauri, idan ruwa ya yi yawa cikinsa ya ƙi gasuwa. Saboda haka sai da ma'auni. Ba sai kun sayi sikeli ba. Ku nemi ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, ku yanke murfinsa, ku wanke ya bushe. Da shi za a auna komai, kada a sauya shi da wani a tsakiyar aiki. Idan an cika shi da fulawa a share bakinsa da bayan wuƙa, kada a danna, kada a yi tozo.

Ga kayan kwaɓi ɗaya: fulawa gwangwani 3, dafaffiyar kabewa gwangwani 2, sukari gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1. Ku haddace shi haka: uku, biyu, ɗaya, ɗaya. Sai ƙwai 3, bakin hoda (hodar da ke sa kek ya tashi) ƙaramin cokali 3, gishiri ɗan kaɗan, garin kirfa da garin citta rabin cokali kowanne. Mai son kanumfari ya daka ƙwara 3 kawai, domin ƙarfinsa yakan danne ƙamshin komai. Wannan kwaɓi zai ba ku ƙananan kek kimanin 12.

Kabewa

A zaɓi wadda ta nuna sosai, mai jan ciki, mai nauyi a hannu. A fere ta, a cire 'ya'yan, a yanka ƙanana. Turarawa a madambaci ya fi dafawa a ruwa, domin kabewa da ma ruwa gare ta. Idan dafawar aka yi, a juye a kwando ta tsane sosai. A murƙushe ta da ludayi har gudaji su ɓace, a bar ta ta huce. Kada a fasa ƙwai a kan kabewa mai zafi, zai fara dahuwa tun kafin a je ga wuta. 'Ya'yan kuma kada a zubar: a wanke, a shanya, a soya da gishiri, yara su samu na taunawa.

A tankaɗe fulawa da bakin hoda da kayan ƙamshi a kwano ɗaya. A wani kwano a buga ƙwai da sukari, a zuba mai, a zuba kabewa. Ku riƙa fasa ƙwan ɗaya-ɗaya a ƙoƙo kafin ya shiga kwano, kada baragurbi ɗaya ya jawo muku asarar kwaɓi duka. Daga nan a haɗa kwanukan biyu, a juya da muciya a hankali. Da garin ya ɓace a tsaya. Yawan bugu bayan fulawa ta shiga shi ke sa kek ya yi danƙo.

Gashi a tukunyar yashi

A Kano masu gurasa da tanderu suke gashi, wasu gidajen kuma suna da obin na gas ko na lantarki. Mai obin ya sa shi a kan lamba 180. Wanda ba shi da ko ɗaya, tukunya ta ishe shi.

A samu tsohuwar tukunya mai kauri da murfin da ke rufuwa ruf. A zuba busasshen yashi mai tsabta, kaurinsa kamar yatsa biyu. A ɗora a kan garwashi, a rufe, a ba ta minti 15 ta ɗauki zafi. Kafin nan a shafa mai a gwangwanayen gashi, a barbaɗa fulawa kaɗan. Ana sayar da na alminiyam a kasuwa, gwangwanin madara ma yana yi idan ba shi da tsatsa. Gwangwanin fenti ko na maganin feshi kuwa, ko an wanke shi sau goma, bai dace da abinci ba.

A zuba kwaɓi zuwa rabin gwangwani, domin zai tashi. A jera a kan yashi, a rufe, a ɗora garwashi kaɗan a kan murfi don saman ya yi ja. Wutar ƙasa ta zama ƙasa-ƙasa. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: sai su cika wuta don sauri, ƙasan ya ƙone, cikin yana ɗanye. Kada a buɗe tukunya a minti 15 na farko, iska za ta shiga kek ya kwanta. Idan an kai minti 25 a soka tsinke mai tsabta a tsakiya. Ya fito a bushe, ya gasu. Ya fito da kwaɓi, a ƙara minti 5.

Sanyin hunturu yakan sa mutum ya so shigar da kurfoti ɗaki ya rufe ƙofa. Kada ku yi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa. A yi gashi a tsakar gida ko a madafa mai taga a buɗe.

Kek ɗin kabewa yana da danshi, bai jure ajiya kamar cincin ko dubulan. A gasa shi ana gobe walima.

Ado

Adon kuwa shi ake fara yi, tun da mako guda ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗinkin faifai ɗaya yakan ci kwanaki, don haka wadda ba ta iya ba ta saya wajen maƙwabciya mai sana'ar kaba. A kan faifai za a jera kek, amma a shimfiɗa farar takarda tukuna, domin rini yakan zuba idan ya ji maiƙo. Takardar jarida ba ta yi, tawadarta tana kama abinci. Soyayyiyar gyaɗa kuma a zuba ta a sabuwar ƙwarya, bayan an tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna.

Ɓawon masara da muke ba dabbobi yana zama fure. A zaɓi fararen na ciki, a jiƙa su yi laushi. Idan ana son ja, a jiƙa karan dafi da 'yar kanwa, a tsoma ɓawon a ciki, irin yadda dukawa ke rina fata. Rawaya kuwa kurkur ke ba da ita. Idan ya sha iska a yanka kamar ganye guda 5 ko 6, a ɗaure su da zare a kan sillen kara. A cika ƙoƙo da yashi a soke furannin a ciki.

Sai kati, kuma wannan aikinku ne ku da kuka fara riƙe alƙalami. A yanka kwali mai tsabta, a ja layi da fensir, a rubuta da manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA, ko ALLAH YA SANYA ALHERI, ko MUNA TAYA KA MURNA. A tsaga kan kara kaɗan a maƙale katin. Ko rubutun ya ɗan karkace ku bar shi, wanda aka yi dominsa zai gane hannun mai shi.

Idan a ofis ne

A nemi izinin shugaba tukuna, a ƙirga mutane, har da masinja da direba da mai gadi, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su sai an zo rabo. Idan karo-karo za a yi, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a karanta a gaban kowa. A tanadi zoɓo marar sukari saboda masu ciwon sukari. A ɗauko kek a mazubi mai murfi saboda ƙura.

Aikin gida

Ofis yana da ma'aikata 36, kowa zai samu kek ɗaya. Kwaɓi ɗaya yana ba da 12. Kwaɓi nawa za a yi? Fulawa gwangwani nawa ke nan, ƙwai nawa, bakin hoda cokali nawa? Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin mudun fulawa, da na sukari, da kwalbar man gyaɗa, da ƙwai ɗaya. Ku rubuta kowanne a layinsa, ku tara, sannan ku raba jimlar gida 36 don ku san nawa kek ɗaya ya tsaya muku. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da lissafinsa da kati ɗaya da ya rubuta da hannunsa.