Yadda ake komawa tseren keke cikin hunturu bayan zazzaɓin cizon sauro

Kowace shekara abu ɗaya nake gani a Yamai. Damina na ja da baya, cikin Satumba ko Oktoba, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kwantar da rabin samarin da muke hawan keke tare. Su sha magani kwana uku, jiki ya yi sanyi, Lahadi na zagayowa sai ga su a bakin hanyar Doso da rigar tsere, wai kada shirin tseren ƙarshen shekara ya wuce su. Ba a yin kilomita 20 an bar su a baya, leɓe ya yi fari, numfashi kamar na wanda ya hau bene da buhun gero. Don su na zauna na rubuta wannan.

Da farko ka gama maganinka. In gwaji ya nuna palu ne aka ba ka Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, kuma da abinci mai maiƙo ko madara ake shan sa don ya shiga jiki sosai. Kada ka tsaya a sha na huɗu don ka ji sauƙi. Na masu yawo da magani a tire cikin rana kuwa, kada ma ka kalle shi, komai arharsa.

Mataki na biyu shi ne inda kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Tafiyar zazzaɓi daban, dawowar jini daban. Ƙwayar cutar palu cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama tana fasa su, su ne kuwa ke kai iska ga tsokar ƙafa. Magani ya kashe cutar cikin kwanaki, amma jinin da aka yi asara sai jiki ya sake ƙera shi, abin da ke cin makonni, sau da yawa wata guda ko fiye. Kana zaune a fada, wato majalisar shan shayi, ba za ka ji komai ba. Sai ka taka feda da ƙarfi zuciya ta shiga bugu ninki don ta cike giɓin.

Shekarar da abin ya same ni, kwana biyar da gama magani na bi ayari hanyar Kollo. Zuwa na daure, ina ɓoye hakina don kada yara su gani. A dawowa idona ya yi duhu, tayata ta taɓa ta na gabana, na zube a gefen kwalta. Likitan da ya duba ni bai damu da ƙujewar gwiwa ba, hannu ya sa ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu ya danna, ya ce saifata a kumbure take, kuma saifar da palu ya kumbura faɗuwa ɗaya na iya fasa ta mutum ya zubar da jini ta ciki. Ya ce, "Malam, Allah ne ya tsare ka, ba ƙarfinka ba." Hutun da ya kamata ya zama mako biyu ya koma shida, tseren ma a gefen hanya na kalle shi.

Ga abin da nake yi tun daga lokacin. Da ka farka da asuba, kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya minti ɗaya cur, ka rubuta. Ba ka buƙatar agogon nan mai tsada, agogon wayarka ya isa. In ka saba ganin 55 yau ka ga 65, keke ya kwana a jingine. Sai adadin ya koma kusa da inda ka san shi kwana uku a jere sannan ka taɓa sirdi. Wanda bai taɓa ƙirga nasa yana lafiya ba, ya fara yau, don ranar ciwo ba shi da abin gwadawa. Ka kuma koma gidan likita a auna maka yawan jini, a taɓa maka saifa. Kuɗin bai kai na tayar tsere ɗaya ba, amma za ka ga yaro ya zuba jikkuna a sabon sirdi yana ƙyashin wannan.

Makon farko bayan magani tafiyar ƙasa kawai, zuwa masallaci, zuwa kasuwa. Mako na biyu minti 30 zuwa 45 a bakin kogi ta Kornish ko zagayen filin wasa na Seyni Kountché, a ƙaramin farantin sarƙa mai sauƙin takawa, da gudun da za ka iya hira ba tare da ka yanke magana ba. Kuma kai kaɗai. Wannan doka ce a wurina: mai murmurewa ba ya shiga ayari, domin da wani ya wuce ka zuciya za ta ɗebe ka ka bi shi. Mako na uku awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kwana ɗaya hawa kwana ɗaya hutu. Sai a na huɗu za ka koma cikin ƴan'uwa ka gwada ƙarfi. In tseren bai kai wata guda da tashinka ba, bar shi ya wuce, wani na tafe.

Abinci kuwa, hanta, wake, nama in da hali, da kopto na zogale a matsa lemun tsami, don tsamin na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da yake ƙera jini da shi. Abin da samari ba sa son ji shi ne maganar shayi. Shayi mai kauri a kan abinci yana tare wannan sinadarin. Ban ce ka bar fada ba, amma ka bari awa biyu ta shiga tsakanin kwano da kofi.

Yanzu hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ka fita da asuba cikin sanyi wajen digiri 15, rana na yin tsaka zafi ya haura 30. Yaudararsa ita ce bushewa: gumi na fita iska na shanye shi, riga ba ta jiƙe ba, kai kana cewa ba ka yi gumi ba. Hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan litar ruwa ce ta tafi. Gora biyu nake ɗauka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya haɗin gishiri da sukari irin na masu gudawa, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kurɓi duk minti 15, kada ka jira ƙishi. Don sanyin safe tura tsohuwar jarida a ƙirji cikin riga, rana na ɗagawa ka zare. Man kaɗanya a leɓe da cikin hanci, tabarau a ido, ƙyalle a hanci lokacin ɗumama jiki. Ranar da hazo ya yi kaurin da in ka tsaya a gadar Kennedy ba ka hango ƙetaren kogi sosai, ba ranar horo ba ce ga huhun da ya fito daga ciwo.

Mura ma ta lokacin ce. In a hanci ta tsaya, juya ƙafa a hankali ba laifi. In ta sauka ƙirji ko ta zo da zafin jiki, sauka daga keke, domin irin waɗannan cututtuka na iya taɓa tsokar zuciya in aka matsa mata. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa a rani, wannan ba maganar keke ba ce, a nufi asibiti nan take saboda sanƙarau.

Sarƙar keke: ƙura da mai in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. Goge ta da tsumma duk dawowa, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa. Baƙin man mota da wasu ke roƙa a gareji, kada ya kusance ta.

Ranar tsere ka ci abinci awa uku kafin tashi, abin da cikinka ya saba, koko da burodi ko ƴar shinkafa, ka zuba dabino a aljihun baya. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, saboda haka in an nufi Doso ta hagu take dukan ka: laɓe bayan na gabanka, ka ɗan karkata damansa. A dawowa sai ka sauya gefe. Laɓewa a bayan wani na rage maka kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, kai kuma bana ba ka da jinin ɓarnatarwa, don haka kada ka ja gaba, kada ka bi wanda ya fara ɓallewa. Jiri, sanyi a jiki cikin rana, ciwo a ƙirji ko zuciya na tsallen bugu, ɗaga hannu ka fita gefe ka sauka.

Bayan an gama, inuwa, ruwan gishiri da sukari, abinci, kwana biyu ba keke. Ci gaba da ƙirgar asuba, kuma in zazzaɓi ya sake leƙowa cikin makonnin nan, a sake gwaji kafin ka haɗiyi komai, don palu kan dawo.