Yadda za a koyar da darasin Azarbaijan ta Iran a ajin Sakkwato

Malamin da zai gabatar wa ɗalibansa yankin Azarbaijan na arewa maso yammacin Iran ya kamata ya shimfiɗa taswira tun kafin ya buɗe littafin tarihi, domin yaron da ya tashi a Sakkwato, inda tudun ƙasa bai kai mita 400 sama da teku ba, bai san yadda dutse ke juya rayuwar mutane ba. A sa ɗalibai su nemo dutsen Sabalan mai tsayin mita 4,811 kusa da birnin Ardabil, da Sahand mai mita 3,707 a kudancin Tabriz, sannan tafkin gishiri na Urmiya wanda ruwansa ya ja baya ƙwarai a shekarun nan. Dukan duwatsun biyu sun taɓa yin aman wuta, kuma a ƙauyen Kandovan har yau akwai masu zama a ɗakunan da aka fafe cikin dutsen da tokar Sahand ta daskare ta zama.

Daga nan a bi kogin Aras da yatsa. A nan ne aka fi samun ruɗani, saboda akwai Jamhuriyar Azarbaijan mai hedikwata a Baku a arewacin kogin, akwai kuma lardunan Iran a kudancinsa, harshen kuwa ɗaya ne, Azari, ɗan'uwan Turkanci. Yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmancai ta 1828, bayan Rasha ta ci Iran da yaƙi, su ne suka raba su. Ni dai ban ga misalin da ya fi na Illela da Birnin Kwanni ba: Hausa ɗaya, iyaka a tsakani. A ƙara musu da cewa mutanen arewa na rubutu da haruffan boko, na kudu kuma da na Larabci, tamkar ajaminmu.

Batun makiyaya ya cancanci a daɗe a kansa. Kabilar Shahsawan na yin hunturu a filin Mugan mai ɗumi, idan zafi ya shigo kuma sai su kora tumakinsu zuwa gangaren Sabalan su kafa bukkokin gashin tumaki. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, "Malam, ashe su ma mashekari suke zuwa kamar Fulani?" Amsar ita ce e, sai dai Bafulatani ruwan sama yake bi daga kudu zuwa arewa, shi kuwa Bashahsawane narkewar dusar ƙanƙara yake bi daga ƙasa zuwa sama.

Sai an kafa wannan harsashi za a shiga tarihi. A Ardabil Shehu Safiyuddin, wanda ya rasu a 1334, ya kafa ɗariƙar Safawiyya, kuma hubbarensa na nan har yau. Zuriyarsa ta mayar da ɗariƙar runduna, har Sha Isma'il ya kama Tabriz a 1501 ya ɗora Shi'anci a matsayin mazhabar daula. Ɗalibai za su yi saurin tuno jihadin Shehu Usmanu na 1804, to amma malami ya ja musu burki, domin kamanceceniyar ta tsaya ne a kan cewa zauren malamai ya haifi daula, aƙida da manufa kuwa hanyarsu daban. A rufe darasin da yaƙin Caldiran na 1514, inda bindigogin Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Ɗaya suka karya mahayan Isma'il, sarkin da ya bar waƙoƙi da harshen Azari a ƙarƙashin laƙabin Katai.