Yadda ake saita injin ɗumama gida ya ci wuta a lokacin araha

A Birtaniya, wanda ke da mita mai aika lissafi duk rabin awa zai iya shiga tsarin da kuɗin wuta ke sauka a wasu sa'o'i. Economy 7 na ba da awa 7 na rangwame da daddare. Tsarin Cosy na kamfanin Octopus kuwa, wanda aka yi don injin da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje, arahar sau uku ce: ƙarfe 4 zuwa 7 na asuba, 1 zuwa 4 na rana, da 10 zuwa 12 na dare. Daga 4 zuwa 7 na yamma wuta ta fi tsada.

Ka fara da tankin ruwan zafi, nan ribar ta fi sauƙi. Saita shi ya kai digiri 50 a lokacin rangwamen rana. Iskar azahar ta fi ta asuba ɗumi, injin ba ya wahala sosai. Dafa ruwan da ake yi sau ɗaya a mako zuwa digiri 60 don kashe ƙwayoyin cutar Legionella shi ma a mayar da shi sa'ar araha, domin sau da yawa hitar cikin tanki ce ke ƙarasa shi.

Ɗakuna sai da lallaɓawa. Daga ƙarfe 1 na rana ka ƙara digiri ɗaya ko biyu, ƙarfe 4 na yamma ka rage biyu. Kada ka kashe injin ɗungurungum. In gida ya huce, ƙarfe 7 na yamma sai injin ya tura ruwan bututun da ke ɗumama ɗakuna sama da digiri 50, ko hitar lantarki da ke agaza masa ta tashi. Ita kuwa yunit ɗaya na wuta, ɗaya take bayarwa na zafi, alhali injin na ba da uku zuwa huɗu in ruwan na tsakanin digiri 35 da 45. Shi ke nan rangwamen ya tafi a banza.

Gidan da bututun ke ƙarƙashin daɓen siminti yana riƙe ɗumi har bayan isha'i. Tsohon gida mai shan iska ba ya riƙewa, rage digiri ɗaya ya ishe shi.

Duba agogon injin a Maris da Oktoba in an matsar da agogon Birtaniya da awa ɗaya, don wasu mitocin Economy 7 ba sa matsawa. Bayan mako guda ka buɗe manhajar kamfanin wutar ka ga yunit nawa suka faɗa tsakanin 4 da 7 na yamma.