Daga rami zuwa silin: yadda ake haƙo jifsam a mai da shi POP

A Zariya kada ka ɓata kuɗi wajen tonon jifsam, wato ma'adinin nan mai laushi da ake gasawa ya zama POP, farin garin da ake silin da shi. Ƙasar Zazzau a kan dutse take, irin na Kufena, shi kuwa jifsam a cikin yumɓu yake kwanciya, inda tsohon teku ya ƙafe: Dange da Shuni a Sakkwato, Fika a Yobe, Nafaɗa a Gombe. Daga can ake lodinsa.

Kafin a sa diga, a nemi lasisin ƙananan masu haƙo bisa Dokar Ma'adinai ta 2007, da yardar mai fili. Da rani ake aikin. A kwashe ƙasar sama a tara ta gefe don cike ramin daga baya, a yi ta sauka hawa-hawa. Jifsam kan zo siriri tsakanin yumɓu, wannan ne ke jan mutum ya bi shi ta ƙarƙashin gaɓa. Kada a kuskura, ta haka rami ke ruftawa da mutane.

Gwajinsa da farce ne: jifsam na kartuwa. Ɗiga masa ruwan batir, in ya yi kumfa akwai dutsen farar ƙasa a ciki. Sai a kankare yumɓun, a wanke, a shanya, don datti ke karya farashi. Kamfanonin siminti irin na Ashaka da Kalambaina na zuba jifsam kashi 3 zuwa 5 cikin 100 don kada siminti ya daskare tun yana kan cebur.

POP kuwa sirrinsa wuta. A niƙa, a tankaɗe, a zuba a faffaɗan kasko, zafi ya tsaya wajen digiri 150 na ma'aunin Celsius, ana juyawa ba tsayawa. Garin zai riƙa ɓulɓula kamar tafasar kunu, ruwan da ke cikinsa ne ke fita. Da ya lafa a sauke. Sikeli ne shaida: kilo 100 mai tsabta ya kamata ya koma kusan 84. In ya fi haka nauyi bai gasu ba, zai kama da wuri tun mai silin bai gama shafe ba, kuma ba ƙarfi. In zafi ya zarce 200 sosai garin ya mutu, ko an kwaɓa sai ya daɗe bai kama ba.

Bayan ya huce a ɗura a buhu mai leda, a ɗora kan katako nesa da bango, musamman a watan Agusta, domin raɓa kaɗai ta isa ta sa shi gudaji.